Yadda Aka Sayar da Sunana a Garin Ƙanƙara

Na sauka a garin da la'asar, a tsakiyar hunturunsu. Ƙofar filin jirgin na buɗewa iska ta mare ni har sai da hawaye ya zubo mini. Ina tsaye da akwatuna biyu ina laluben waya da yatsun da suka ƙi lanƙwasuwa, sai na ji an ɗaga murya da Hausa.

"Hajiya Kwamanda! Sannu da hanya, sannu da zuwa ƙasar sanyi!"

Wani gajeren mutum ne mai furfura a gemu, ya sha hular ulu har kunne, yana riƙe da wata ƙatuwar rigar sanyi ta mata. Dokta Tanimu ke nan. Wani abokin maigidana ne ya haɗa mu tun ina Kaduna, ya ce ɗan Kawo ne da ya daɗe a arewacin Amurka, kuma ba a taɓa jin wani ɗan Arewa ya sauka a garin ya kwana a titi ba muddin yana nan. Na zura rigar, na shiga motarsa, muka kama hanya yana tambayata ko har yanzu ana suyar ƙosai a bakin tashar Kawo.

Sunana Balaraba. A Kinkinau aka haife ni, mahaifina tela ne, kuma a Abakpa nake aure. Na daɗe ina aiki a ɗaya daga cikin hukumomin tsaron cikin gida, inda na fara daga gadin ƙofar makarantu har na kai ga tsara yadda za a tsare kasuwanni da filayen taro. Da aka ba hukumarmu gurbin karatun digiri na biyu a fannin jagorancin tsaro, na zauna jarrabawa tare da maza, na ci. Akwai waɗanda suka ce mace mai 'ya'ya uku ba za ta iya shekara guda a waje ba. Ni dai na san abin da zan iya.

Ɗakin da Dokta ya ba ni irin wanda suke haƙawa a ƙarƙashin gida ne. Tagarsa ƙarama ce, can sama kusa da rufi, abin da kawai nake gani ta cikinta shi ne tayoyin motoci da takalman masu wucewa. Amma akwai ɗumi, kuma akwai Maryama, matarsa. 'Yar Funtuwa ce, ta girme wa ƙanwata ta biyu da kaɗan, ba ta tuƙi, ba ta da ƙawaye, yaranta biyu suna wuni a makaranta. Ranar farko ta sauko mini da tuwon shinkafa da miyar kuka, ta zauna a bakin gado tana kallona ina ci.

"Yaya, ki yi ta magana don Allah," in ji ta. "Ko me za ki ce. Na gaji da jin Hausar mutum ɗaya."

Makarantar tana da nisa. Bas biyu nake hawa, kuma a makon farko sau biyu ina wuce inda zan sauka, saboda duk gine-ginen iri ɗaya ne a idona idan ƙanƙara ta rufe su. 'Yan ajinmu manya ne masu iyali: shugabannin 'yan sanda, na 'yan kwana-kwana, sojojin ruwa, jami'an kan iyaka, da mu 'yan ƙasashen waje ƙalilan. Turancina na aiki ne, na rubuta rahoto da shi ba adadi, amma nasu gudu yake yi kamar ana korarsa. Idan na yi magana kuma sai wani ya karkato kunne ya ce in maimaita. Na maimaita. Ban taɓa rage murya don haka ba, sai ma na ƙara ɗaga ta.

Malamin da ya fi kama mu shi ne Farfesa Matin, wani dogon tsoho mai dogara sanda wanda ya yi rayuwarsa yana jagorantar aikin ceto kafin ya koma koyarwa. Wata rana ya sa kowa ya bayyana aiki mafi girma da ya taɓa jagoranta. Na ba da labarin yadda na tsara tsaron wani babban taron wa'azi, yadda na zagaye kowace ƙofa da ƙafata, na riƙe rediyon oba-oba biyu, ban zauna ba har aka watse lafiya. Ina gamawa ina jiran yabo.

"Madalla," in ji shi. "To, da kin yanke jiki kin faɗi da azahar, wa zai karɓi rediyon?"

Babu wanda na taɓa shiryawa. A wurinmu idan kana so aiki ya yi kyau kai ne za ka tsaya a kansa, haka na taso na gani, haka nake yi. A bas ɗin komawa gida na yi ta lissafa yaran da ke ƙarƙashina ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar kaina wanne ne ya san abin da na sani. Daga ranar nan karatun ya fara shigata da gaske.

Kewar gida kuwa ba ta sallama. Takan zo ne a wuraren da ban zata ba. Na taɓa tsayawa a kanti ina kallon wani tattasai da aka naɗe a leda shi kaɗai kamar magani, sai na tuna mai kayan miyan bakin layinmu da yake cika mini kwano har ya ƙara gyara, na fita ban sayi komai ba. Autata Asma'u takan karɓi wayar babanta ta ce, "Mama, nuna mini ƙanƙarar," in fita waje in nuna mata, in dawo yatsuna suna zogi.

Kafin azumi makarantar ta yi bikin baƙi, aka ce kowane jami'i daga waje ya sa kakin ƙasarsa ya gayyato wanda ya sauke shi. Na gayyaci Dokta da Maryama. Shi kaɗai ya zo, cikin babbar riga, ya gaisa da kowa, ya raba katinsa mai ɗauke da sunan wata cibiyar horar da shugabanni da ya ce tasa ce. Ya ɗauke ni hotuna a bakin ƙofar makarantar, inda sunanta yake rubuce da manyan baƙaƙe. Ya ce Maryama zai nuna wa.

Azumi ya kama. Wata safiya ina tsaye a tashar bas, waya ta yi ƙara. Nuhu ne, wani yaro mai ƙwazo da ke aiki a ƙarƙashina a Kaduna, ɗan Rigachikun.

"Ranki ya daɗe, barka da shan ruwa. Allah ya ƙara ɗaukaka. Wallahi duk ofis ana ta alfahari da ke."

"Amin, Nuhu. Me ya faru?"

"Maganar kwas ɗin nan naki ne. Na samu wanda zai sayi gonarmu, yayana ma ya yarda. Ina so kafin in biya ki saka mini hannu, kada gurbin ya cika."

"Wane kwas?"

Ya ce bari ya turo mini. Bas ɗina ya zo ya tafi ina tsaye ina kallon wayar. Ga ni nan cikin kakina, ina murmushi a bakin ƙofar makaranta. A sama an rubuta cewa cibiyar Dokta Tanimu, da haɗin gwiwar makarantarmu, za ta horar da jami'an tsaro daga Najeriya a kan jagoranci, ƙarƙashin kulawata. An yi alkawarin biza, da masauki, da takardar shaida. A ƙasa ga inda za a tura kuɗi. Nuhu ya ce sanarwar ta zagaye duk guruf-guruf ɗin waya na ma'aikata, har da na wasu hukumomin, kuma mutane sun riga sun fara biya.

"Nuhu, saurare ni da kyau," na ce. "Kada ka sayar da ko kunya ɗaya ta gonar nan. Babu wani kwas. Ban san da wannan takarda ba sai yanzu. Duk wanda ka san yana shirin biya, ka tsayar da shi, ka ce ni na ce."

Na je aji ranar, amma ko kalma ɗaya ban riƙe ba. Da aka sha ruwa, muna zaune a teburin gidan, Maryama ta kawo kunun gyaɗa ta koma kicin, sai na ajiye wayar a gaban Dokta. Ya kalla, ya ci gaba da ɓare dabino.

"Ai da ma ina shirin zama da ke a kan wannan," ya ce. "Alheri ne, Hajiya. Mutanenmu suna son ilimi, ni ina da hanya, ke kina da suna. Kasonki yana nan a ajiye."

"Makarantar ta san da haɗin gwiwar?"

"Wannan magana ce ta takarda, za a daidaita."

"Mutum nawa ka taɓa kawowa?"

Ya ajiye dabinon. Fara'ar nan da ya tare ni da ita a filin jirgi ta ɗauke gaba ɗaya.

"Bari in gaya miki yadda ƙasar nan take, tunda ke baƙuwa ce. Idan maganar nan ta shiga kunnen makaranta, ke za su fara kora. Hotonki ne a jiki, kakinki ne, sunanki ne. Su waɗannan mutanen ba sa bambance baƙin fata biyu idan an ce zamba. Za ki koma Kaduna ba digiri, ba aiki. Ki yi shiru ki gama karatunki, ni kuma in san yadda zan lallaɓa mutanena."

Na yi shekaru ina yi wa masu laifi tambayoyi, na san muryar mutumin da ya saba tsorata na ƙasa da shi. Abin da ya faɗa kuma ba duka ne ƙarya ba. Na miƙe, na ce masa na gode da abinci, na sauka ɗakina.

Da safe na kira maigidana na zayyana masa komai. Malamin makaranta ne, ba ya gaggawar magana.

"Ni na haɗa ki da shi," ya ce. "Wannan nauyin nawa ne, zan je in sami wanda ya ba ni lambarsa. Ke kuma, Maman Asma'u, me kika yanke?"

"Zan kai kaina makaranta yau. Kafin su ji daga bakin wani."

"Idan suka kore ki fa?"

"In dawo."

"To ki dawo. Ɗakinki yana nan, ba wanda ya shiga. Je ki, Allah ya tsare."

Kafin in fita na rubuta gargaɗi da Hausa da Turanci, na tura wa shugabana a Kaduna da duk guruf ɗin da nake ciki. Sannan na hau bas biyun nan na ƙwanƙwasa ofishin Farfesa Matin. Ya karanta sanarwar, ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba.

"Kin san abin da zai biyo baya?" ya tambaya. "Dole in kai wa sashen tsaron makaranta. Za su bincike ki kamar yadda za su binciki kowa. Ba zan iya hana su ba, kuma ba zan yi ƙoƙarin hanawa ba."

"Da ni ce a kujerarka, haka zan yi," na ce.

Ya ɗauki sandarsa ya raka ni da ƙafarsa har ofishin, duk da hawa benen yana ba shi wahala.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi nauyi a tafiyar. An rufe katina na shiga zauren atisaye, inda ake koyar da abubuwan da ba kowa ake nuna wa ba. Ina iya zama a aji, amma idan 'yan ajinmu suka nufi zauren sai in koma ɗakin karatu ni kaɗai. Jami'an makaranta suka yi mini tambayoyi, 'yan sandan garin suka yi nasu, suka karɓi wayata da kwamfutata suka duba. Wani sojan ruwa da muke raba littafi da shi ya koma zama a ɗaya gefen ajin. Daga gida kuma hedikwata ta aiko mini da takardar tuhuma, aka ce in kare kaina. Maganar ta kai har Kinkinau. Wata mata ta tare mahaifiyata a gidan suna ta ce mata ɗanta ya biya kuɗin kwas ɗin 'yarta. Umma ta sa aka kira mata ni.

"Balaraba."

"Na'am, Umma."

"Da hannunki a ciki?"

"Babu, Umma."

"Shi ke nan. Kina samun abin buɗa-baki mai kyau kuwa? Muryarki ta yi ƙasa."

Gidan Dokta kuwa ba ya zaunuwa. Tun ranar da 'yan sanda suka fara kiransa ya kashe na'urar ɗumama ɗakin ƙasa, ya ce ta lalace. Na kwana cikin rigar sanyi da safa biyu. Washegari a aji wata mata mai suna Gloriya ta dube ni ta ce leɓena ya canza launi. Shugabar 'yan kwana-kwana ce daga kudancin ƙasar, baƙar fata, ƙatuwa, mai dariyar da ake ji daga ƙarshen baranda. Ba mu taɓa wata doguwar hira ba kafin ranar. Na gaya mata a taƙaice.

"Tashi," ta ce. "Motata tana waje."

"Gloriya, ana bincikena. Kada in shafa miki."

"Na ji. Ni wuta nake kashewa, ba shari'a nake yi ba. Mutum yana cikin sanyi, a fito da shi tukuna."

Da muka isa Dokta ba ya nan. Maryama ta taya ni haɗa kaya, idanunta sun kumbura. Sai da muka kai akwati na biyu bakin mota ta cusa mini wata robar man shanu a jaka, ta riƙe hannuna da ƙarfi.

"Yaya, ki yafe mana."

"Ke ba ki yi mini komai ba, Maryama."

"Na ji abin da ya ce miki ranar. Ina bakin ƙofar kicin." Ta waiga ta dubi gidan, ta sake ni, ta koma ciki da sauri.

A gidan Gloriya na ƙarasa azumi. Ɗaki ɗaya ne da falo ta kama haya don karatun, ta bar mini falon. Ranar farko ta kwashe duk naman alade da ke firij ta kai wa maƙwabcinta, ban roƙe ta ba. Ta tambayi lokacin faɗuwar rana ta mayar da cin abincinta lokacin, wai ba daɗi mutum ya ci shi kaɗai. Na yi mata shinkafa da wake da man shanun Maryama da yaji, ta ci tana hawaye tana ƙari. Ranar Sallah ta tuƙa ni zuwa wani zauren wasanni da Somaliyawan garin suka kama don Idi. Na yi salla a cikin mata ɗaruruwa, babu wadda na sani, babu mai jin yarena. Da liman ya yi sallama na tuna yadda Asma'u take riƙe gefen mayafina a filin Idi, na zauna na yi kukan da ban yi ba tun farkon wannan masifa. Wata tsohuwa da ke gefena ta shafa bayana, ta ɓare alewa ta sa mini a hannu kamar ƙaramar yarinya. Da na fito na tarar da Gloriya a mota tana jirana, ta kunna waƙoƙin cocinsu tana bi.

Bayan Sallah da ɗan lokaci aka kira ni ofishin tsaron makaranta. Jami'ar da ke riƙe da binciken ta miƙo mini katina.

"An buɗe shi," ta ce. "Ba mu sami komai a kanki ba. Kuma matar mutumin ta zo wurin 'yan sanda da kanta."

Ashe Maryama, wadda ba ta taɓa hawa bas ita kaɗai ba a garin, ta jira ya fita, ta tambayi hanya har ofishin 'yan sanda. Ta nemi a samo mata tafinta. Ta gaya musu a gabanta ya haɗa sanarwar, kuma ta ji lokacin da na tuhume shi da abin da ya mayar mini. Na san abin da wannan ya ci mata. Mijinta ne, uban 'ya'yanta, kuma a hannunsa duk takardunta suke. Daga baya ta kwashe yaran ta koma wurin wata 'yar ƙanwar babarta a wata jiha. Har yau muna waya. Tana koyon tuƙi, tana aiki a wani gidan renon yara. Shi kuwa an gurfanar da shi, shari'ar ba ta ƙare ba har na baro ƙasar.

Na koma zauren atisaye da yunwar abin da ya wuce ni. Sojan ruwan nan ya zo ya ba ni haƙuri a gaban mutane, na karɓa, muka ci gaba da raba littafi. A ƙarshen shekara aka yi babban atisaye, wanda shi ne rabin sakamakonmu. An ƙirƙiro gari a allunan bango: ambaliya ta cinye unguwanni, jirgin ƙasa mai ɗauke da guba ya kife, ga jita-jitar hari tana yawo. Farfesa Matin ya karanto sunan wanda zai jagoranci ajin duka, sai na ji nawa.

Kafin a fara na tara su. Na raba aiki, na ce Gloriya ce mataimakiyata, idan ba ta nan sojan ruwa ne, kuma duk abin da na sani sai da na tabbatar su biyun sun sani. Muka shiga. Wayoyi suna ta ƙara, rahotanni suna karo da juna, wani yana ihu a rufe gada, wani yana cewa a bar ta don masu gudu. Na yanke a bar ta a buɗe, na tura motocin asibiti ta ɗaya hanyar. Muna tsakiyar kwashe wata makarantar firamare sai na ji an taɓa kafaɗata da kan sanda.

"Kwamanda, gini ya faɗo miki," in ji Farfesa. "Kin mutu. Koma can ki zauna."

Na cire abin magana daga kunnena na miƙa wa Gloriya, na koma kujerar bango na harɗe hannu. Ko waiwayowa ba su yi ba. Gloriya ta ɗora daga inda na tsaya, aka kwashe yaran, aka killace gubar, aka ƙaryata jita-jitar. Ina zaune a matsayin gawa, ban taɓa jin daɗin aiki irin na ranar ba.

Na dawo Kaduna da digirina, hedikwata kuma ta janye tuhumarta. Amma ranar Asabar ta farko, da hantsi, ina shanya a tsakar gida, maigidana ya shigo ya ce akwai mutane a ƙofa, kuma fuskokinsu ba na barka da zuwa ba ne. Waɗanda suka riga suka biya ne kafin gargaɗina ya kai gare su. Ya ce in zauna, shi zai fita ya same su.

"A'a, Abban Asma'u. Ni suka zo nema. A shimfiɗa musu tabarma."

Suka shigo, sun kai goma sha, wasu daga hukumarmu, wasu ban taɓa ganinsu ba. Aka kawo ruwa, babu wanda ya taɓa. Wanda ya yi magana a madadinsu wani dattijo ne, Sufeto Garba, saura kaɗan ya yi ritaya. Na san shi, ya taɓa koya mini fareti ina sabuwar shiga.

"Madam, ba rigima ta kawo mu ba," ya ce. "An ce an wanke ki, mun ji. Amma ni ban san wani Tanimu ba. Fuskarki na gani. Saboda ke na sayar da babur ɗina."

"Gaskiya ne, Baba Garba. Fuskata ce."

Ban yi musu alkawarin da ba zan iya cikawa ba. Na gaya musu ƙarara cewa abin da suka tura da wuya ya dawo, ko ya dawo ba duka ba, kuma ba da wuri ba. Wani matashi ya miƙe yana faɗa, na bar shi har ya gama ya zauna. Sannan na ce masu gabatar da ƙara a can suna neman shaidar waɗanda aka cuta, kuma ni zan zauna da kowannensu in rubuta tasa in aika. Suka yi ta gunaguni. Baba Garba dai yana kallon tabarma.

"Ni ba Amurka ce ta dame ni ba," ya ce a hankali. "Tun da na shiga aikin nan ba a taɓa tura ni kwas ko na Zariya ba. Kullum sai a ce na gaba. Na so ne kafin in cire kaki a ce ni ma na zauna a aji an koya mini yadda manya suke tunani."

Na dube su ɗaya bayan ɗaya, na ga ba shi kaɗai ba ne.

"Takardar shaida ba ni da ikon ba ku," na ce. "Biza ma haka. Amma karatun yana kaina, kuma da kuɗin gwamnati na samo shi. Zan nemi izinin zauren ofis. Duk Asabar da safe, wanda yake so ya zo, ba ko kwabo."

Suka miƙe suka fita, ruwan yana nan yadda aka kawo shi.

Shugabana ya ba da zauren. Asabar ɗin da aka sa, na isa da wuri don in jera kujeru, ina tunanin wataƙila ni da Nuhu ne kawai za mu zauna. Ina tura ƙofa na tarar an riga an jera su. Baba Garba yana zaune a layin gaba, kakinsa ya sha guga, hularsa a kan gwiwa. Daga Rigasa ya taho, a motar haya.

"Baba Garba, ina kwana. Ka riga ni."

"Lafiya lau, Madam." Bai yi murmushi ba. "Kada ki ɗauka na huce."

"Ban ɗauka ba."

Ya gyara zama, ya zaro tabarau daga aljihu ya saka. A bayansa ƙofa ta sake buɗewa, mutane suka fara shigowa.

"To," ya ce, "bismilla. Fara."